Darasi: Sikelin Hanya da Takardar Izinin Babban Lodi, Ina Ruwan Falken Shanu?

Darasinmu na wannan fitowa a kan wata magana ce da ke yawo a tasha da bakin kara. Ana cewa wai akwai wata takarda da mutum zai biya kuɗi a ba shi, ya loda mota yadda ya ga dama, ya wuce sikelin hanya ba mai ce masa uffan. Takardar dai akwai ta, gaskiya ne. Amma ba don irin kayanmu aka yi ta ba, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan zai samo maka ita saboda shanu, to ya cuce ka. Za mu bi maganar daki-daki: dalilin auna mota, abin da doka ta yanka, wanda ake ba takardar, da kuma wuraren da motar shanu ke faɗawa tarko. A karanta da natsuwa, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

1. Me ya sa ake auna mota?

Kafin komai sai mu san kalma guda, wato aksul. Shi ne ƙarfen nan da ya ratsa ƙarƙashin mota yana riƙe da tayoyin hagu da na dama. A takardun Faransanci esiye ake ce masa. Duk nauyin mota da kayanta ta kan aksul yake sauka a kwalta. Saboda haka ma'aikacin sikeli abu biyu yake dubawa: nauyin mota gaba ɗaya, da nauyin da kowane aksul ya ɗauka.

Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi a Amurka suka shimfiɗa hanyoyin gwaji a jihar Ilinoi, suka yi ta zagaya manyan motoci a kansu dare da rana, suna auna yadda kwalta ke lalacewa. Abin da suka gano har yau da shi ake aiki. Idan aka ninka nauyin aksul sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya takan ninka kusan sau 16. Idan aka ƙara masa kashi 20 cikin ɗari kawai, ɓarnar ta riga ta ninka sau biyu. Ka ga ke nan, mota guda da aka danƙara wa kaya tana cin hanya fiye da motoci da yawa masu lodi daidai.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta ratsa Doso, Birnin Ƙonni, Maraɗi har Damagaram ya san abin da rami ke yi wa motar shanu. Direba ya taka birki, shanu su zube a kan juna, ƙahon wannan ya soki wancan, ɗaya ya durƙusa sauran su tattake shi. Tafiyar kwana biyu ta koma ta kwana uku. Hanyar da motar siminti ta farfasa, mu ma muna biyan kuɗinta da jinin dabbobinmu.

2. Abin da doka ta yanka

A ƙasashe takwas na ƙungiyar UEMOA, wato Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gini Bisau, Mali, Senegal da Togo, dokar da ake aunawa da ita ita ce Doka mai lamba 14, wadda majalisar ministoci ta amince da ita a Bamako ranar 16 ga Disamba 2005. Tun 29 ga Janairu 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso ba sa cikin ƙungiyar CEDEAO, wadda a Nijeriya da Gana ake kira ECOWAS. Amma suna nan cikin UEMOA, don haka kada wani ya ce maka Doka ta 14 ta faɗi.

Ga abin da ta yanka wa kowane aksul. Na gaba, tan 6. Na baya shi kaɗai mai tayoyi bibbiyu, tan 12, idan kuwa mai taya ɗai-ɗai ne, tan 11 da rabi. Aksul biyu a haɗe, yawanci tan 16, 18 ko 20, gwargwadon ratar da ke tsakaninsu. Tan 20 ɗin sai idan ratar ta kai mita 1.8. Aksul uku a haɗe, tan 21 ko 25, shi ma gwargwadon rata. Tan ɗaya dai kilo 1,000 ne, wato buhu 20 na siminti.

Ga kuma iyakar nauyin mota gaba ɗaya, ita da kayanta. Mun sa yawan tayoyi saboda da shi muka fi gane mota:

Mai aksul 2, wato taya 6: tan 18.
Mai aksul 3, wato taya 10: tan 26.
Tirela mai aksul 4, taya 14: tan 38.
Tirela mai aksul 5, taya 18: tan 43 idan uku ne a haɗe a baya, tan 46 idan bibbiyu ne.
Tirela mai aksul 6, taya 22: tan 51.

Sannan akwai girman jiki. Faɗin mota kada ya wuce mita 2.55. Tsayinta daga ƙasa zuwa ƙololuwar kaya kada ya wuce mita 4. Tsawon motar da ba tirela ba mita 12, tirela da kanta mita 16.5. A riƙe mita 4 ɗin nan da kyau, za mu dawo kansa.

Wani abu kuma. Idan kamfanin da ya ƙera motar ya yanka mata nauyi ƙasa da wannan, kuma haka aka rubuta a takardarta, wato kat-giris, to ba ta da hurumin ɗaukar fiye da abin da aka rubuta mata. Lissafin da ke sama rufi ne, ba kowace mota ce ke kai shi ba.

3. Takardar izinin babban lodi

To, idan haka ne, yaya ake kai babbar taransifoma ta wutar lantarki, ko katafila, ko manyan injuna irin na matatar mai ta Damagaram da aka buɗe a 2011? Irin waɗannan kaya guda ne cur. Ba a raba taransifoma gida biyu a ɗora wa motoci biyu. Saboda su aka tanadi izini na musamman. A Doka ta 14, motar da za ta wuce tan 51, ko ta wuce girman da aka yanka, sai ta samu izini daga ministan sufuri, bayan ministan da ke kula da hanyoyi ya amince.

Yadda aikin ke tafiya a ko'ina kusan iri ɗaya ne. Mai mota ya rubuta takardar nema tun kafin tafiya. Ya bayyana irin kayan, nauyinsu, faɗi da tsayi da tsawo, yawan aksul ɗin motar, da hanyar da zai bi. Injiniyoyi su duba gadojin da ke kan hanyar ko za su iya ɗauka, su duba wayoyin wuta da kwanoni masu matsi. Idan an yarda, a rubuta masa sharuɗɗa: ga hanyar da za ka bi, ga ranakun, ga fitila mai juyawa a saman mota, ga motar rakiya. Wani lokaci a hana shi tafiyar dare. Izinin na wannan motar ne da wannan kayan a wannan hanyar. Kuma kowace ƙasa nata take bayarwa. Takardar da aka sa wa hannu a Yamai ba ta aiki a Wagadugu.

Yanzu sai mu tambayi kanmu, shanu arba'in kaya guda ne cur? A'a. Ana iya sauke goma, ana iya kiran mota ta biyu. Haka buhunan dusa, haka gishiri, haka albasa. Duk kayan da ke rabuwa, amsar hukuma guda ce: rage. Shi ya sa muka ce takardar ba tamu ba ce. Idan wani ya zo maka a tasha da takarda mai hatimi ya ce ta wuce sikeli ce, ko dai ta jabu ce, ko kuma cin hanci ne aka sa wa riga. Kowanne daga ciki ba ya tsare maka dabba idan an tsai da motar.

Kada kuma a haɗa wannan da takardun dabbobi. Takardar lafiya ta likitan dabbobi, da takardun duwan na fitar da dabba, suna ba shanunka hanya. Ba su ce komai ba a kan nauyin mota ko tsayinta. Wannan ofis daban, wancan daban.

4. Mu auna motar shanu da alƙalami

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne, tirelar da ta ɗauki shanu zalla da wuya ta kai tan 51. Ga misali, lambobin namu ne don koyo, kowa ya sa nasa. A ce tirela mai aksul 6 nauyinta ba kaya tan 18 ne. An zuba bijimai 35, kowanne kilo 400, irin ƙosassun Azawak ko na Bororo. Tan 14 ke nan. Sai yashin da ake shimfiɗawa don kada shanu su zame. Mutane ba sa lissafa shi, alhali yana da nauyi ƙwarai. A daɓen tirela mai tsawon mita 12 da rabi, yashi mai kaurin santimita 10 yakan kai tan 4 da rabi, idan ya jiƙe da fitsari ya fi haka. Ƙara mutane, ciyawa da jarkokin ruwa, tan 1 da rabi. Jimla tan 38. Saura tan 13 kafin a kai iyaka.

Dalili shi ne, shanu sukan cika daɓe tun kafin su cika sikeli. Daɓen irin wannan tirela murabba'in mita 30 ne ko kusa da haka. A ƙa'idar da Tarayyar Turai ta kafa a 2005, san da ya kai kilo 325 ana ba shi murabba'in mita 0.95 zuwa 1.30. Dokarsu ce, ba ta hau kanmu ba, amma ma'auni ne mai amfani, balle ma namu shanun masu dogon ƙaho sun fi nasu buƙatar wuri. Da wannan lissafi, bijimai 35 ma an riga an matsa su. Wanda ya cusa 45 bai karya dokar sikeli ba, amma shi zai ga sakamako ranar saukewa.

To ina motar shanu ke faɗawa? Wurare huɗu ne.

Na farko, ƙananan motoci. Ɗauki mai taya 6, iyakarta tan 18. A ce nauyinta tan 8. Bijimai 18 masu kilo 400, tan 7.2. Yashi tan 2 da rabi. Raguna 20 a sama masu kilo 40, kilo 800. Mutane, ruwa da ciyawa, tan 1. Jimla tan 19 da rabi. An wuce da tan 1 da rabi, kuma mafi yawansa a kan aksul ɗin baya ya sauka. Ka ga a ƙaramar mota abin ya fi saurin kamawa.

Na biyu, saman mota. Mun saba a yi rumfa a kan bodi, a ɗora tumaki da awaki, a ƙara buhuna da babur, sannan yara masu kula da shanu su hau can ƙololuwa. Daɓen tirela kansa ya fi mita ɗaya daga ƙasa, bodi ya ƙara biyu da wani abu. Abin da ya rage kafin mita 4 kaɗan ne. Ɗora jeri guda na buhuna, ka wuce. Ban da tara, motar da nauyinta ya hau sama ita ce ke kifewa a kwana, ita ce kuma ke jan wayar wuta a cikin gari. Waɗanda ke zaune a sama 'ya'yan mutane ne, amana ce a hannunmu.

Na uku, bodin da aka ƙara wa girma. Wasu masu mota sukan kai wa mai walda ya ƙara tsawo ko faɗi ko tsayi don ta ci kaya da yawa. Irin wannan mota laifinta a jikinta yake, ko ba kaya a ciki. Sauke shanu ba ya wanke ta.

Na huɗu, rabon nauyi. Mota na iya zama ƙasa da iyakarta gaba ɗaya amma aksul guda ya wuce nasa. Hakan na faruwa idan aka tara manyan bijimai a wuri ɗaya, ko aka jibge buhuna a gefe guda, ko kuma babu shinge a tsakiya shanu suka gangara baya a hawan tudu.

5. Kayan dawowa

Mota ba ta son dawowa wayam. Wadda ta kai shanu Legas ko Kumasi takan dawo da siminti, sukari, taki, gishiri ko abincin dabbobi, kuma wasunmu su ne masu kayan. A nan ne babban nauyi yake. Tirelarmu ta ɗazu mai tan 18 tana da hurumin kaya tan 33, wato buhu 660 na kilo 50. Idan aka loda mata buhu 900, kayan tan 45 ne, jimla tan 63. An wuce da tan 12.

Ko da ba kai ne mai simintin ba, abin na iya taɓa ka. Ka sayi shanu ranar kasuwa, ka tara su a bakin wurin lodi, motar da ka yi ciniki da ita tana can an tsare ta a sikeli. Kowace rana kana sayen ciyawa da ruwa, kana biyan masu tsaro, kasuwar da ka nufa tana wucewa. Kuma motar da ta saba ɗaukar tan 63 ita ce mai karyewar sifirin da fashewar taya a tsakar daji, ranar da shanunka ke ciki. Idan mai mota ya yi maka kuɗin haya da arha fiye da kowa, tambayi kanka a ina zai cike gibin. Araha ba ta ado.

6. Tara da sauke kaya

A Doka ta 14, kowane tan da ya wuce iyaka ana cin tarar sefa 20,000, wato jika ashirin, idan tafiyar cikin ƙasa ce. Idan tafiya ce tsakanin ƙasashe, irin tamu, sefa 60,000 ne, jika sittin a kan kowane tan. Dokar ta bar sassaucin kashi 5 cikin ɗari saboda kuskuren sikeli. Wannan sassauci na sikeli ne, ba gyara ba ce da aka ba mai lodi. Motar simintin nan ta sama, idan aka lissafa mata tan 12 ɗin duka, sefa 720,000 ne. Ko an cire sassaucin, tarar ta haura rabin miliyan.

Idan kaya ne suka sa mota ta wuce tsayi ko faɗi, tarar sefa 100,000 ce a kan mai tafiyar da motar. Idan jikin motar ne ya wuce ƙa'ida, sefa 500,000 a kan mai ita, kuma a tsare motar. Ƙin hawa sikeli laifi ne mai tararsa daban, wanda kuma ya maimaita laifi ana ƙara masa.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne, biyan tara ba ya ba mota izinin wucewa da nauyin. Doka ta ce sai an sauke abin da ya yi yawa, ko a gyara lodin, kuma kuɗin saukewa da tsaron kayan ba a kan hukuma yake ba. Mai siminti zai jibge buhunansa ya rufe da tamfol. Mu fa? A tashar sikeli ba tudun sauke shanu, ba shinge, ba kwamin ruwa. Sa ya diro daga tirela ya karye, ko ya tsinke igiya ya shiga daji ko gonar mutane. Waɗanda suka rage a ciki suna tsaye cikin rana, ƙarfen bodi ya yi zafi, iskar da ke shiga lokacin tafiya ta ɗauke. Dabbar da ta yini haka ta rame a ido, mahauci kuwa da ido yake saye. Doka mai mota take kamawa, amma asarar a kan mai shanu take faɗawa.

Gaskiya ne ƙasashe sun yi ta ɗaga ranar fara aiki da dokar gaba ɗaya, har a wasu shekaru aka ba da sassauci na wucin gadi da ya kai kashi 20 cikin ɗari. Wannan ya sa wasu direbobi ke cewa ai ba a yi. Kada a jingina da wannan. Sassaucin wucin gadi ana janye shi, kuma tashar da ta kau da kai jiya tana iya tsanantawa gobe. Wanda ya loda daidai da lambobin da ke sama ba ruwansa da wane ne ke kan aiki.

7. Idan an tsallaka iyaka

Masu shiga Nijeriya ta Illela, Jibiya, Mai'aduwa ko Maigatari, da masu shiga Gana ta Paga, su sani cewa ƙasashen nan biyu ba sa cikin UEMOA. CEDEAO ta yi tata dokar a kan nauyin aksul a watan Fabrairu 2012, lambobinta kuma sun yi kusa da na Doka ta 14. Nijeriya ta fitar da ƙa'idojinta na girma da nauyin manyan motoci a hanyoyin tarayya a 2018. Gana ta fitar da ƙa'idojinta na zirga-zirga a 2012, hukumar manyan hanyoyi ta ƙasar ce kuma ke riƙe da tashoshin sikeli. Kuɗin tara da yadda ake karɓarsa kowace ƙasa da nata.

Masu bin Cadi da Kamaru, ta gadar Ngeli tsakanin Injamena da Kusiri har zuwa Ngaundare, suna ƙarƙashin ƙa'idar ƙasashen CEMAC. A can aksul guda tan 13 ne, biyu a haɗe tan 21, uku a haɗe tan 27, amma mota gaba ɗaya kada ta wuce tan 50. Kamaru ta rubuta waɗannan lambobi a dokarta ta kare hanyoyi tun 1996. Lura da bambancin. Kowane aksul an ba shi fiye da na UEMOA, amma jimlar ta yi ƙasa da tan ɗaya. Akwai kuma shingen ruwan sama a hanyoyin da ba kwalta, inda ake tsai da manyan motoci har ƙasa ta sha iska. A Kamaru abin yana farawa daga mota mai tan 3 da rabi. Mai tafiya da damina ya ɗauki ciyawa da ruwa na jira.

Ƙa'ida mai sauƙi ita ce, idan tafiyarka za ta ratsa ƙasa biyu ko uku, loda daidai da wadda ta fi tsanani a cikinsu.

8. Kafin mota ta tashi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abubuwan da muke roƙon kowane falke ya yi tun a wurin ciniki.

Ɗaya. Nemi ganin kat-giris. Duba nauyin motar ba kaya, da iyakar da aka yanka mata. Cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne naka, da yashi da mutane da ruwa duk a ciki.

Biyu. Ƙirga aksul da idonka. Wanda aka ɗage sama, tayarsa ba ta taɓa ƙasa, ba ya ɗaukar komai.

Uku. A samu gora mai tsawon mita 4 a ajiye a wurin lodi. Bayan an gama, a jingina ta da mota. Duk abin da ya haura ta a sauke. Kowane reshe na iya yin wannan ba tare da kashe ko dala ba.

Huɗu. A raba manyan bijimai gaba da tsakiya da baya, a sa shinge a tsakani. Yashi a zuba daidai buƙata.

Biyar. A yi magana a gaban shaidu, in da hali a rubuta: babu ƙarin kaya ko fasinja a hanya ba da saninka ba. Idan an ci tara saboda jikin mota ko kayan da direba ya ƙara, mai mota ne zai biya, har da ciyawa da ruwan kwanakin jira. Idan kuwa kai ka matsa a ƙara, to kai ka ɗauka. Ɗan kamasho da ya haɗa cinikin ya zama shaida.

Shida. A sikeli, yaronka ya tsaya ya ga awon. A karɓi tikitin da na'ura ta buga, mai nuna nauyin kowane aksul. Duk kuɗin da aka biya a karɓi kitansi, wato rasit. Idan kana ganin an zalunce ka, da waɗannan takardu biyu shugabannin ƙungiya za su iya bin maka hakki. Hannu wofi ba a shiga ofis da ƙara.

Bakwai. Idan an tsare mota da dabbobi a ciki, a sanar da shugaban tashar nan take cewa kayan masu rai ne, a roƙi a matsar da ita inuwa, a kira wakilin ƙungiya mafi kusa. A fara neman ruwa kafin a fara gardama.

9. Tambayoyin bita

Muna so rassa su tattauna waɗannan a zamansu na gaba.

(a) Mota mai taya 10, nauyinta ba kaya tan 11. Yashi, mutane da ruwa tan 4. Bijimai nawa masu kilo 400 suka rage mata a doka? Daɓenta zai ɗauki wannan adadi kuwa?

(b) Tirela mai aksul 6 ta nuna tan 50 da rabi a sikeli. A wace ƙasa take daidai, a wace ƙasa ta haura iyaka?

(c) Wani ya ce zai samo maka izinin babban lodi don raguna 300 na kasuwar Layya. Me za ka ce masa, kuma me ya sa?

Amsar ta farko ga ta don a gwada: 26 a cire 11 a cire 4, saura tan 11, wato bijimai 27. Amma daɓen mai taya 10 zai cika tun kafin a kai nan, don haka wuri ne zai yanka maka adadi. Sauran biyun mun bar wa rassa, a aiko mana da amsa ta hannun sakatarori.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa a sauke lafiya, Ya ba da kasuwa.